Makullin Benen Baba

Zuwa ga Yayana, Alhaji Balarabe, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wa, ina fata kai da Hajiya Binta da yara kuna lafiya. Mu a nan Ƙofar Kibo jiki lafiya lau, kwanciyar hankali ce dai babu.

"Rabi, benen Baba naki ne. Ina zuwa da Babbar Sallah zan kwashe kayana in miƙa miki makulli da hannuna." Kai ka faɗa, a zaure, ranar sadakar arba'in ɗin Baba, ƙafarka ɗaya a takalmi, mota na jiranka. Tun daga ranar an yanka raguna an soye, an sake yankawa. Ragunan da aka haifa bayan maganar ma an cinye su. Makulli yana wurinka.

Na kira, ka ce kana mitin. Na tura saƙo, ka karanta, ka aiko min da hoton fure da addu'ar Juma'a. To tunda a shafin nan na intanet kake hawa kullum kana yi wa jama'a nasiha kan zumunci, na biyo ka nan. Masu leƙowa ku yi haƙuri, maganar gida ce ta fito waje, don a gidan ba ta da ƙofar da za a rufe mata.

Ban tabbata ka san sana'ata ba, tunda na ji ka taɓa ce wa abokinka ina "ɗan taɓa waya". Yaya, murya nake sayarwa. Ana turo min rubutu da Turanci, in mayar da shi Hausa, in karanta in naɗa, a sa a rediyo ko a tura wa matan karkara: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, lokacin kai yaro rigakafi, yadda ake adana wake. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, da wannan nake ciyar da 'ya'yana. Kayan aikina waya, da ƙaramin makirfo, da shiru. Waya da makirfo na saya a kasuwa. Shirun ne ka kulle ka tafi da shi Fatakwal.

Ka san gidanmu. In mace ta rufe ƙofa da rana, ko ba ta da lafiya ko tana fushi, babu dalili na uku. Ranar da na fara rufewa da hantsi, ban gama sakin layi ɗaya ba Goggo Asabe ta turo ƙofa da kunun tsamiya da man zafi. Washegari na sake rufewa, sai aka yanke hukuncin fushi nake. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarma an zaunar da ni da Lami, matar ƙaninmu, za a yi mana sulhu. Baiwar Allah har da kuka, tana neman gafara kan wani bokiti da ni na manta da shi tun bara. Na yafe mata. Aikin ranar kuwa bai yafe min ba.

Na yi musu bayani dalla-dalla cewa makirfo yana ɗaukar komai. Suka fahimta, Allah ya saka musu. Yanzu ba sa ƙwanƙwasawa. Ta taga suke zuwa su yi raɗa.

Kalmar da ta kashe ni ita ce "ai kina gida". Matar da ta ɗauki jaka ta fita da safe ita ce mai aiki. Ni da nake zaune, sai a bar min tukunya a wuta, da jariri mai barci, da jiran mai gyaran famfo, da sallamar duk wanda ya tsaya a zaure. Ai ina gida.

Kada ka ce ban nemi wata hanya ba. Na je wurin ƙawata a Gyallesu. Ta ba ni falonta, sai ta ga bai kamata a bar baƙuwa ita kaɗai ba, ta zauna tana taya ni hira, ta soya awara, ta kira maƙwabta su gaishe ni. Na kama ɗan shago a Tukur-Tukur, ashe mai walda ne a jikin katangata, janaretonsa na tashi kafin in ajiye jaka. Da bazara har cikin bargo na shiga da waya da makirfo, gumi na zuba a kan takarda, numfashina na neman ɗaukewa. Lami ta shigo ta yaye bargon, ta gan ni ina magana ni kaɗai, ta fara min tofi.

Hajiyar da ke ba ni aiki daga Kaduna ta dawo min da wani naɗi. A tsakiyar bayanin shayar da jariri, ga muryar Goggo tar: "Rabi, leƙa min miyar nan." Bayanta akuya ta amsa. Karon farko Hajiya ta yi dariya. Wannan karon ba ta yi ba. Ta ce ta ba ni zuwa Litinin ta sama, in na sake kawo mata sauti mai hayaniya za ta miƙa aikin ga masu situdiyo a Kano. Ba ta zalunce ni ba. In ta tafi, sauran masu ba ni aiki ma bin ta za su yi, don ita ta haɗa ni da su. Ban san me zan gaya wa yaran nan ba.

Na je wurin Baba Ƙarami, ƙanin Baba, na durƙusa. Ya ce turakar uba ba a buɗe ta sai babban ɗa yana tsaye, kuma me mace za ta yi a bene? Yaya, ni ma a gaban Baba na yi karatun gado. Na san rabona rabin naka ne, ban taɓa musu ba. Amma ban ga babin da ya ba tsohuwar katifarka da fankar da ta ƙone da kwalayen takardun jami'arka ɗaki guda ba, ni kuma mai rai ina cikin bargo.

Ka tuna ɗakin nan? Katangar ƙasa mai kauri, ƙaramar taga ɗaya. In ka hau ka ja ƙofa, sai garin gaba ɗaya ya koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Kai ka fara hawa da ni, a kafaɗarka, don matakalar ta fi ƙarfin ƙafata. Da na iya karatu, in Baba ya tafi makaranta sai ka ɓoye ni a bayan tarin littattafansa, ka zauna a bakin matakala. In Inna ta ƙwala min kiran wanke-wanke ka ce, "Na aike ta." Sau nawa aka zane ka saboda ni? Da yamma ka sa in karanta maka da ƙarfi, ka rufe ido, ka ce, "Muryar nan taki, wata rana har a rediyo sai an ji ta."

An ji ta, Yaya Bala. Kai ne mutum na farko da ya taɓa tsare min ƙofa, shi ya sa wannan ya fi min ciwo.

Na kuma san ba katifa ce ta hana ka zuwa ba. Ba ka son ka buɗe ka ga buzun Baba a shimfiɗe, da tabaransa a inda ya ajiye. Ni ma ba na so. Kai ka samu nisa ka jingina da shi. Ni kullum ta ƙarƙashin tagar nake wucewa da bokiti. Da da hali da na bar maka ɗakin a rufe har sai zuciyarka ta iya. Babu hali.

Saboda haka ga magana. Daga yau zuwa Juma'a mai zuwa, ka ba direban tasha makulli, ko ka kira Baba Ƙarami ka ce ka yarda. Ba sai ka zo ba. In aka sauko daga masallaci ban ga ko ɗaya ba, zan kira kafinta da rana tsaka, a gaban kowa, ya ɓalle kwaɗon. Kayanka zan sauko da su zaure in rufe da leda. Littattafan Baba ba zan motsa ko ɗaya ba, zan dai kakkaɓe su. Asabar da safe zan hau, in ja ƙofa, in yi aikina.

Na san abin da zai biyo baya. Za a ce Rabi ta fasa ɗakin ubanta, maganar ta zaga cikin gari kafin magariba. Wataƙila Goggo da Baba Ƙarami su daina yi min magana. In hakan ta faru, ko ba komai na samu shiru. Amma ba irinsa na roƙa ba, kuma kai kaɗai za ka iya hana shi.

Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka makwancinsu. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare min kai a inda kake, ya sa kada in kai ga kiran kafinta.

Ƙanwarka da ke jiran kiranka,
Rabi