Layin Da Baffa Ya Ja A Wuya

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya zaman Legas? Ya Anti Hadiza da yara? Mu nan kowa lafiya, ni ne dai raina a ɓace.

Gidan zanen nan na Kano da na nemi horon ɗalibai sun kira ni. Sun ce in je ranar Litinin da fuskokin da na zana da hannuna, ba hoton waya ba. Na baza su a tabarma ina zaɓe, na fita sayen leda. Kafin in dawo Baffa Malam ya shigo da alƙalami da tawadarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan layi a wuya. Dillalan shanun Mai'adua, mai shayin Kongolam, duk ya yanka su.

Na ce, "Baffa, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Cetonka na yi, ɗan nan. Gobe ƙiyama a ce ka hura musu rai, da wane bakin?"

Na ce ni ma ina karanta littattafai, ba shi kaɗai ba. Baba ya ce in na ƙara tankawa ko tasha ba zan taka ba.

Yaya, zanen marigayiya Inna da ka tafi da shi kaɗai ya tsira. Na san ba ka son rabuwa da shi, amma ba ni da wani. Ka ba direban motar shanu mai dawowa Daura, ya kai shagon Habu tela. Kada ya kuskura ya kawo gida.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Nura