Bututun da Ya Leƙo Saman Shinge

Wendell R. Kocurek,
Gida mai lamba 41, Layin Mesquite,
Rukunin Gidajen Pecan Hollow,
Jihar Texas.
24 ga Afrilu, 2023.

Zuwa ga:
Mai girma Mista Royce Tackett,
Shugaban Ƙungiyar Masu Gidaje ta Pecan Hollow.

Yallaɓai,

GAME DA: UMARNIN JANYE MURHUN BANDA DAGA JIKIN SHINGENA

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da sauran 'yan kwamiti, na rubuto ne domin in kai kukana kan wasiƙarku mai lamba PH/114 ta ranar 28 ga Maris, wadda ta umarce ni da in janye murhuna na bandar nama daga jikin shinge, in kuma cire bututunsa. Na bi umarnin kafin wa'adi ya cika. Amma raina bai kwanta ba, kuma ga dalilaina.

1. Babu wanda ya kai ni daɗewa a Layin Mesquite. Ni da matata Loretta mun tare a nan a 1991, lokacin da filin da ofishinku yake a yanzu shanu ke kiwo a cikinsa. Tun daga shekarar muke da wata al'ada da ba za ku same ta a kundin dokokinku ba: duk Asabar ɗin da hayaƙi ya tashi a bayan gidan Kocurek, to gayyata ce ga kowa. Ba a buga waya, ba a raba kati. Wannan ya shigo da tukunyar wake, waccan da kwanon dankali, wani kuwa da cikinsa kawai, kamar marigayi Hoyt Bledsoe na gida mai lamba 38. Yakan leƙo ta saman shinge ya ce, "Wendell, ka koyi gashin ne, ko yau ma gawayi za mu ci?" Sannan ya zauna ya fi kowa ci.

2. Loretta ta rasu a watan Satumba na 2021, kuma na yi shekara ɗaya da rabi ban hura wuta ba. Tsohon murhun da na ƙera da hannuna daga tankin gas sai an wuni ana tura masa itace, gwiwoyina kuwa sun daina yarda. 'Yata Corinne da ke aure a Oregon ta matsa mini in sayi na zamani, irin wanda ake cika wa ƙwayoyin dusar katako yana zuba wa wutarsa da kansa. Ƙarami take nufi, na mutum ɗaya. Ni kuwa ranar 3 ga Maris na ɗauko wanda ke ɗaukar naman ƙirjin shanu shida a lokaci guda. Matar da ke kantin ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, barikin soja za ka ciyar?" Na ce mata a'a, mutanen layinmu ne.

3. Ba zan ɓoye laifina ba. Hayaƙin sabon murhun siriri ne, kafin ya kai saman shinge iska ta shanye shi. Don haka na ƙara masa bututu mai tsawon inci goma sha takwas, na kuma tura shi jikin shinge da gangan domin a hango daga titi. Na san Sashe na 7 na dokokinku ya hana wani abu ya zarce shinge ba da izini ba. Ba dokar nake ƙorafi a kai ba, yadda aka zartar da ita ne ya yi mini ciwo. Ranar Asabar 25 ga Maris, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, jami'arku Madam Gaylene Prewitt ta tsaya da mota a gaban gidana. Ina zaune a baranda. Na miƙe har da gyara hula, a zatona baƙuwar farko ce. Ta sauke gilashi, ta ɗauki hoton bututun da wayarta, ta ɗaga gilashi, ta wuce. Hannun da na ɗaga mata na gaisuwa yana sama lokacin da ta sha kwana. Yallaɓai, taku goma sha biyu ne daga titi zuwa barandata, na auna daga baya.

4. Ranar 15 ga Afrilu na gwada yin abin yadda kuke so, murhu a bayan ɗakin ajiya, babu bututu. Na sa ƙirji huɗu, kuma ba yabon kai ba, tun da nake ban taɓa fitar da nama mai laushinsa ba. Na jira har ƙarfe huɗu na yamma babu wanda ya leƙo. Ban ga laifinsu ba. Yawancinsu sababbi ne, masu shigewa gareji da mota su danna ƙofa ta rufe kafin su sauko, kuma ba su ga komai ba. Sai na naɗe naman a takarda na bi gida-gida. A gida biyar ƙararrawar ƙofa ce ta amsa mini, irin mai kyamarar nan: "Ajiye a nan, malam, mun gode." A gida mai lamba 38, inda na yi shekara ashirin ina shiga ba sallama, wata murya ta ce, "Ba mu yi odar komai ba." Na dawo da sauran na cusa a firiza. Har yau shi nake ci safe da yamma, ni kaɗai, kuma ya fara fita daga raina.

5. Wasiƙarku ta ce wani maƙwabci ne ya kai ƙara. Ba na neman sunansa, ba na kuma riƙe shi a zuciya. Gaskiya ma da na karanta wurin sai da na zauna na sake karantawa. Ashe dai akwai wanda ya ga hayaƙin.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya ba ni izinin mayar da bututun a ranakun Asabar kaɗai, daga safe zuwa ƙarfe uku, ni kuma in riƙa cire shi da kaina. Idan Sashe na 7 ba ya tanƙwaruwa, na haƙura, zan sayar da murhun in sayi ƙaramin da 'yata ta ce, maganar ta mutu ke nan.

Sai dai ko wane hukunci kuka yanke, akwai alfarma ɗaya da ba ta buƙatar zaman kwamiti. Ku ne kuka san wanda ya kai ƙarata. Don Allah a isar masa da cewa ya gani daidai, fassarar hayaƙin ce kawai babu wanda ya rage a layin da zai yi masa. A gaya masa ranar Asabar 6 ga Mayu nama zai nuna da ƙarfe ɗaya, ƙofar gefe ba ta da sakata, kuma ba sai ya kawo komai ba.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Naka mai biyayya,

Wendell R. Kocurek
Gida mai lamba 41