Taswirar da Ta Kauce wa Durba

Zuwa ga Malam Mika'ilu, mai filin shawarwari.

Bayan gaisuwa mai yawa, Malam, don girman Allah ka agaza mini da shawara, kuma ka hanzarta, domin saura kwana ashirin da uku baƙina su iso, ni kuwa na rikita kaina da kaina. Sunayen da zan ambata na aro ne, ko da yake duk mutumin Rano da ya karanta wannan zai gane ni tun bai kai tsakiya ba.

Ni tsohon akawun En'e ne. Shekara goma sha huɗu na yi ina bin Di'o rangadi, ina riƙe masa takarda da agogo. Abu ɗaya na koya a wurin Bature, shi ne ba a fita tafiya sai an tsara ta a rubuce, ƙarfe kaza a tashi, ƙarfe kaza a sauka. Har yau ko kasuwar Kibiya zan je sai na ja layi a takarda. Matata Ramlatu ta ce saura kaɗan in rubuta wa zakaranmu lokacin cara.

Ina da yaya mai suna Saude. Shekara ashirin da biyu ke nan da ita da mijinta Malam Hammadu suka kama hanyar Makka a ƙasa. Sun sauke farali, a hanyar dawowa suka yada zango a Sudan wai na damina ɗaya, zango ya zama gida. A can suka haifi ɗansu Abdulganiyyu, wanda yanzu har ya tara gemu bai taɓa ganin Rano ba sai a wasiƙuna. Da suka ji ƙasa ta samu mulkin kai bana, sai kewar gida ta taso musu. Sun rubuto cewa suna tafe a mota ta Maiduguri, za su sauka a Kano.

Ga inda matsalar take. Muna da ƙanwa, Huseina, wadda Yaya Saude ta goya a bayanta, ta tafi ta bar ta tana 'yar shekara tara. Huseina ta yi aure a Durba, kuma shekara huɗu da suka wuce Allah ya yi mata rasuwa, ta bar 'ya ɗaya, Barira. Malam, har yau ban gaya wa Yaya ba. A lokacin Malam Hammadu ya rubuto cewa tana kwance ba lafiya, kada a aiko da abin da zai tayar mata da hankali. Na ce to sai wasiƙa ta gaba. Ta gaban ta zo, alƙalamina ya kai wurin ya ƙi tafiya, sai na rubuta cewa Huseina tana gaishe ta. Daga nan abin ya bi mini jiki. Har gishiri nake ƙarawa: na ce akuyarta ta haifi uku, na ce ta yi ƙiba. Ni ne fa wanda ake turawa gaba a masallacin unguwa in liman ya yi tafiya.

Ka san halinmu. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ba ya ko kwance kaya sai mata sun cika gida, kuma ta farkon da za ta shigo, tana gama barka da dawowa za ta ɗora da gaisuwar rasuwa. Da farko na yi tunanin in bi gida-gida in roƙi mutane su kama bakinsu. Ramlatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ni ko na manta garin da nake zaune. Sai dabara ta faɗo mini, irin ta akawu. Abdulganiyyu ya roƙe ni a wasiƙa in kai shi ya ga duwatsun Rurum da kogi da rugar Fulani, duk abubuwan da na sha zuzuta masa. Na ce madalla, in ɗauke su daga tasha in wuce da su yawon ganin ƙasa na kwana shida tun ba su taka gida ba. A raina wai a hanya zan samu wuri mai iska in faɗa mata a hankali.

Na zauna na zana taswira da jan tawada da shuɗi. Ranar farko ganuwar Rano, amma ta waje za mu zagaye ta, mu kwana a barikin baƙi. Washegari Rurum Tsohon Gari, hawan dutse ƙarfe bakwai daidai. Rana ta uku bakin kogi, a yi fatsa, masu fito su haye da mu su dawo da mu. Ta huɗu rugar wani Arɗo da na sani tun zamanin rangadi, mu sha kindirmo, saurayin nan ya koyi tatsa. Daga rugar zuwa Kibiya hanya ta bi ta Durba, tafiyar hantsi ce. Ni kuwa sai na lanƙwasa layin ya bi ta fadama, yini guda cur a kan jaki, na rubuta a gefe wai don a ga tsuntsaye. Tsofaffi biyu da suka ƙetare Sudan, ni zan nuna wa balbela.

Ba a nan wautata ta tsaya ba. Shekara da shekaru ina cika wa yaron nan baki cewa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake hawa dutsen Rurum, har ina hango Kano daga samansa. Gaskiyar magana rabona da hawa dutse tun ban yi kaciya ba, kuma tun daga lokacin Allah ya albarkace ni da tumbi. Makon jiya na ce bari in je in gwada. Na tafi da babbar riga da takalmi sau-ciki da laima. Na kai rabi lafiya, sai tsautsayi ya sa na waiwaya ƙasa. Nan take na rungume wani ƙaramin icce, na karanta duk abin da na haddace har da wanda na manta. Ina nan maƙale har azahar, sai ga wata tsohuwar Bafulatana ta gangaro daga sama da ƙwaryar nono a ka. Ta dube ni, ta tambaya ko Bature ne ya aiko ni ƙirga duwatsu. Ta sa na cire takalmi, na sauko da jan gindi tana gaba ina baya, ko sauke ƙwaryar ba ta yi ba. Wandon dai bai sake moruwa ba.

Bayan kwana biyu na ari jaki na tafi gwada hanyar fadama. Jakin ya kafe a taɓo, ya kayar da ni, ya fita ya kama hanyar da ya ga dama, ni ina bin sa da laima. Da na ɗaga kai sai ga ni a bakin rijiyar Durba, garin da na kwana uku ina zanen yadda zan kauce masa. Barira tana ɗiban ruwa. Malam, tafiyarta sak ta uwarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce kakarta ta ware zakara tun da suka ji Inna Saude tana tafe, kuma ita kanta ta share ɗakin mahaifiyarta don a nan za a sauke ta. Na amsa mata da to. Ranar ko tuwo ban iya ci ba, ina ta jin kunyar yarinyar nan da ta kaina.

Abu ɗaya ne ya zo mini da sauƙi, tsufa ya fara taɓa Yaya. A wasiƙarta ta ƙarshe ta lissafo tsaraba: ni carbi da hula, Ramlatu mayafi, har tsohuwar maƙwabciyarmu ta samu kwalli, Barira kuwa zane biyu da zoben azurfa. Amma ta manta da Huseina sam. Na ce to Allah ya rage mini aiki.

Yanzu ka faɗa mini, Malam, a ina zan gaya mata? A kan dutse ba zan iya kaiwa ba. A bakin kogi ina tsoron kada ta yanke jiki ta faɗa ruwa. A ruga kuwa gidan mutane ne. Ko in ƙara kwana na bakwai? Tsorona kada ta ji a bakin wani, ta dube ni ta ga ba ƙanenta ba ne, maƙaryaci ne.

Naka,
Jagoran da ya ɓata, Rano.

Amsa

Malam Jagora, na karanta wasiƙarka na yi dariya har wurin tsohuwa mai nono, daga bakin rijiya kuwa dariyar ta tsaya. Allah ya jiƙan Huseina.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Shirun da ka yi na farko tausayi ne, kuma mijinta ne ya nema, ba wanda zai ga laifinka. Yawon ma ba abin banza ba ne. Saurayin da aka haifa a wata ƙasa ya cancanci a nuna masa inda iyayensa suka fito. Amma daga wasiƙa ta biyu zuwa yau ba Saude kake karewa ba, kanka kake karewa. Ita ma tana da nata haƙƙin: ta yi kukan ƙanwarta, ta yi mata addu'a, ta karɓi gaisuwa kamar kowace 'yar gari. Mutanen Durba su ma shekara huɗu suna jiran ta. Kuma ka duba, matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana mafarkin ƙofar gidan ubanta, ita za ka kwantar a bariki a bayan ganuwa kamar baƙuwa? Wannan kaɗai ya isa ya ɓata mata rai fiye da ƙaryar.

Dabarar ma ba za ta kai ka ko Rurum ba. Direban motar Rano ya san ku, mai gadin bariki ya san ku, matar Arɗo ta san ku. Ɗayansu zai yi mata gaisuwa tun ba ka buɗe taswira ba.

Ga abin da za ka yi. A tasha ka ja Malam Hammadu gefe ka gaya masa komai. Ku wuce gida kai tsaye. Ramlatu ta tsare ƙofa na ɗan lokaci, har yayarka ta sha ruwa ta yi salla. Sannan ka zauna a gabanta ka faɗa mata a fili: ranar da aka yi rasuwar, ciwon da ya yi ajali, inda aka binne ta. Ka faɗi ƙaryar da ka yi da bakinka, har ta akuya, ka nemi gafara, kada ka kawo dalili sai ta tambaya. Washegari ku tafi Durba ta miƙaƙƙiyar hanya, ta sauka a ɗakin da yarinyar nan ta share.

In an kwana bakwai, gaisuwa ta lafa, sai ka ɗauko yawonka. Ka rage shi ya koma kwana uku, ka cire fadama, ka tafi da Barira ta saba da ɗan'uwanta. A Rurum ka nemi mutanen garin su hau da Abdulganiyyu da sanyin safiya, kai ka zauna a gindin dutse da laimarka kana tsaron kaya. Ka ba shi labarin wandonka. Zai fi jin daɗinsa a kan hango Kano.

Saura magana ɗaya, ita ce wadda ka ɗauka sauƙi. Matar da ta tuna da kwallin maƙwabciya ba ta manta da 'yar da ta goya ba. Kowace shekara alhazan ƙasarku suna ratsa Sudan, suna kuma sauka a gidajen 'yan gida irin nata. Ba zan rantse ba, amma ina kyautata zaton ta daɗe da sani. Zane na biyu da zoben nan rabon uwar ne ta mayar wa 'yar. In haka ne, to shekara da shekaru tana karanta gaisuwar mamaciya da hannunka, tana yin shiru don kada ta kunyata ƙanenta. Ta ɗauke maka abin da ya isa. Kada ka ƙara mata kwana shida a kan jaki tana yi maka kallon tsuntsaye.

Ka ɗauko taswirar yau, ka ja layi ɗaya daga ƙofar gidanku zuwa Durba, kada ka rubuta ƙarfe nawa. Allah ya kawo su lafiya, ya sanyaya zuciyar Saude, ya raya Barira, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Mika'ilu.