Butar Inna da Cikin Kumatu

Daga Babban Likitan Yara, shugaban masu farar riga, zuwa ga mahaifiyar Kumatu. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da karatun da ya kai ki nesa. Mutanen gidanku kalau suke, Baba na fita kasuwa, ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai dai 'yarki da kika bar musu.

Kada hankalinki ya tashi, amma Kumatu na fama da gudawa tun makon jiya. Idanunta sun faɗa, kumatun da suka jawo mata suna sun fara zubewa. Na shiga gidanku don bincike, na tarar kowa da wanda yake zargi. Goggo ta ce haƙori ne, alhali haƙoran yarinyar sun isa cizon mutum, ni shaida ne. Inna ta ce bakin maƙwabciya ne, don ranar da ta yaba ƙibar yarinyar ba ta ce tubarkalla ba. Baba na hararar mai kawo ruwa. Daga ƙarshe duk suka haɗu a kan autanku, wai shi ya ɗura mata alawa. Ka ji zalunci! In an yi sata, sai a tuna da mai tsohon suna.

Ni kuwa na zauna bakin ƙofar kicin na zuba ido. Ɓarawon ashe a cikin gida yake. Inna kan wanke wa Kumatu gindi, ta ɗauraye fo ɗin kashinta, ta ajiye buta a ƙasan banɗaki. In ruwan ya ƙare, maimakon ta ɗiba da kofi, sai ta tsoma butar gaba ɗaya cikin duron ruwan sha, wai bayanta na ciwo. Daga wannan duron ake cika wa yarinyar kofinta. Sabulu kuma yana can saman taga, an ɓoye wa ɓera, har mutane sun manta da shi. Ga shi Inna ta rage mata ruwa, wai yana ƙara gudun cikin, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Umarnina shi ne ki kira Inna yau. A wanke duro a rufe, a tafasa na sha, a riƙa ba yarinyar ruwan gishiri da sukari, a kai ta asibiti kafin ta galabaita.

Baba da Goggo na gaishe ki, Inna ma haka. Ki gaida maigida.

Yaya, na san kin gane rubutun tun layin farko. Ni ne autanku, allo kaɗai na taɓa riƙewa. Na faɗa wa Inna har sau ba adadi, ta ce wanda ya sa mata kwaɗo a takalmi ba zai koya mata tsafta ba. Don Allah, in kin kira, ki ce likita ne ya faɗa.

Ƙaninki,
Auta