An Nemi Fayil Ɗinki da Sunanki

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da yarinyar, da fatan kuma aikin gidan burodin na tafiya daidai.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna maimakon kira. Da gangan na ƙi kiran wayarki. Na ba Yayanki wannan takarda hannu da hannu tunda motar kayansa na bi ta garinku, na kuma roƙe shi kada ya ba kowa sai ke.

Ga abin da ya faru. A makon jiya wani saƙo ya shigo ta shafin ofishinmu na intanet da sunanki, ana neman kwafin duk bayanan da muke ajiye da su a kanki. Duk wanda muke wa aiki yana da wannan haƙƙi, ba ma hana shi. Amma ba ma saki sai mun tabbatar mai shi ne, don haka aka tura lambar sirri zuwa wayarki, wadda kika ba mu tun farkon shari'arki da tsohon mijinki. An shigar da lambar daidai. Sakatariyarmu ta haɗa takardun, ta tura zuwa imel ɗin da aka rubuta a saƙon.

Ba na gari lokacin. Da na dawo ina duba abin da aka yi a bayana, sai idona ya tsaya a kan imel ɗin. Ban san shi ba. Kuma ke da bakinki kika ce min ba kya son komai na shari'ar nan ya zauna a waya.

Tambayata ɗaya ce: ke kika nema? In ke ce, na tayar miki da hankali a banza, ki yi haƙuri. In ba ke ba ce, kada ki yi maganar nan da kowa a waya. Ki ba Yaya amsa a rubuce.

Na bar ki lafiya.
Barista

*

Barista,

Wa alaikumus salam. Lafiya ta ƙare tunda na karanta takardarki. A bayan gidan burodin na buɗe ta, tsakanin buhunan fulawa.

Ba ni ba ce. Wallahi ba ni ba ce. Ni da ko shafin naku ban sake shiga ba tun ranar da na fara neman ku?

Kin tuna ranar da na zo ofishinku da hannu a ɗaure? Kika rufe ƙofa, kika kashe fanka don ki ji muryata, kika ce duk abin da na faɗa a ɗakin nan a nan zai zauna. Na faɗa miki abin da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Na bar garinmu, na bar aikina, na koma ɗaki guda a inda ban san kowa ba, duk don kada mutumin nan ya san inda muke. Yanzu kina ce min an tattara komai an miƙa wa wanda ba ki sani ba? Kin san shi, Barista. Ni ma na san shi. Ba wanda zai nemi takardun nan a duniya sai shi.

Kuma maganar lambar sirri ban yarda da ita ba. Babu saƙon da ya shigo wayata. Na duba sama da ƙasa, babu. Ko dai wani a ofishinku ya ci amanata, ko kuma kuna neman wanda za ku ɗora wa laifi.

Ki gaya min gaskiya ba tare da Turancin lauyoyi ba: me da me ya fita? Adireshina na ciki? Tun jiya duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta labule. Na ja katifa na tokare ƙofa, na ce wa Gimbiya iska ce ke buɗe ta.

Sannan ki goge duk abin da kuke da shi a kaina. Duka. Ba na so ko sunana ya kwana a kwamfutarku.

Allah Ya isar min.
Maman Gimbiya

*

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Na karanta, kuma fushinki yana kan hanya. Zan amsa miki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fita: bayanin da kika yi mana, rahoton likita da hotunansa, da umarnin kotu da ya hana shi zuwa kusa da ku. Adireshin gidanki da na wurin aikinki ba su fita ba. Ƙa'idarmu ce a shari'a irin taki mu rufe su da baƙi ko da mai fayil ɗin ce ta nema, kuma na bi shafi-shafi na tabbatar an rufe.

Amma akwai takardar da makarantar Gimbiya ta rubuto mana kan yadda take karatu. An rufe sunan makarantar a sama, ba a lura da hatimin shugabar a ƙasa ba. Hatimin ya ɗan dishe, amma mai naci zai iya karanta shi. Wannan kuskurenmu ne, ba na kowa ba. Na faɗa wa babban ofishinmu, mun kuma kai rahoto ga hukumar da ke sa ido kan irin wannan, kamar yadda ya wajaba.

Don haka gobe da safe, kafin komai, ki kai wa shugabar makarantar kwafin umarnin kotun. Ki ce a nuna wa maigadi hoton tsohon mijinki. Ban rubuta musu da kaina ba, don ba zan buɗe wa kowa maganarki ba sai da izininki.

Gogewa ba zai yiwu yanzu ba. Shari'a na gaba, in na goge, da me zan kare ki? Abin da na yi shi ne na janye fayil ɗin daga inda sauran ma'aikata ke gani, ni kaɗai ke iya buɗe shi. Mun kuma daina sakin komai a irin wannan shari'a sai mai shi ya zo da ƙafarsa.

Yanzu maganar da ba za ki so ba. Duk wanda ya shiga shafinmu, akwai ɗan sawun da yake bari: lokacin da ya shiga, irin na'urar da ya yi amfani da ita, da yankin da yake. Mai kula da kwamfutocinmu ya duba. Ba daga garin tsohon mijinki aka aiko saƙon ba. Daga garinku ne, da sassafe, da waya irin taki. Kuma lambar sirrin ta isa wayarki, an buɗe ta.

Ba zargin ki nake ba. Ki zauna ki yi tunani: da sassafe wayarki a hannun wa take?

Allah Ya tsare ku.
Barista

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na bar maka wannan wajen mai shagon tasha, don ko ka zo gida ba zan iya magana ba, ɗakin ɗaya ne kuma tana ciki.

Yaya, Gimbiya ce.

Ka san ba a shiga ɗakin gashi da waya, shi ya sa nake barin ta a caji in fita, yarinyar kuma sai rana ta fito take tafiya makaranta. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Jiya da muka dawo daga wajen shugabar makarantar na zaunar da ita a bakin gado. Ban daka mata tsawa ba, Allah Ya sani. Na ce, "Gimbiya, kina taɓa wayata in na fita?"

Ta ce, "Ina duba aikin makaranta."

Na ce, "Da wa kike magana?"

Sai murza gefen zanin gado take. Can ta ɗago, idon nan jawur, ta ce, "Babana ne. Laifi ne in yi magana da babana?"

Ashe tun hutun da ya wuce ya same ta ta shafin wata ƙawarta ta tsohuwar makaranta. Kullum da safe suna hira, ta goge kafin in dawo. Ta ce ya sha tambayar ta unguwarmu ta ƙi faɗa, don ta yi min alkawari. Da ya ga haka sai ya canza salo. Ya ce ƙarya na yi masa a kotu, lauyoyi ne suka shirya komai, in tana son ta gani da idonta ga yadda za ta yi. Shi ya koya mata abin da za ta rubuta, shi ya ba ta imel ɗin, ya ce in lamba ta shigo ta saka, ta goge saƙon.

Na ce, "To kin ga takardun?"

Ta ce, "Ya ce zai turo min. Har yanzu bai turo ba."

Sai ta ce, "Mama, ke ba kya faɗa min komai. Kin ce faɗuwa kika yi a bene. Kin ce mun taso ne saboda aiki. Ni ba yarinya ba ce, na kusa gama ƙaramar sakandare."

Yaya, gaskiya ta faɗa. Na ɓoye mata ne don kada ta tashi da ƙin ubanta, ga shi ya bi ta wannan ƙofar ya shigo. Ta juya ta fuskanci bango, ko abinci ba ta taɓa ba. Ni kuma na zagi Barista a takarda, baiwar Allah.

Don Allah kada ka yi komai. Na san halinka.

Ƙanwarka

*

Barista,

Sallama da gaisuwa. Ni ne Yayan Maman Gimbiya, mai kawo muku takardu. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan sitiyari nake yi, kuma ni da biro tun a makaranta ba ma ga maciji.

Na ji komai. Kin ce kwamfutarku na gane sawun mutum. To mutumin nan ya tashi daga tsohon gidansa, na je na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na kuma ji a bakin wani abokinsa cewa shi ma ya taɓa rubuto wa ofishinku yana neman lauya, kafin ya san ku ke tsaya wa ƙanwata. Ke nan kuna da lambarsa da inda yake. Ki ba ni. Ba abin da zan yi masa, gaisawa kawai za mu yi irin ta surukai.

Ku kuka saki takardunta, ku ba ni nasa, an yi kunnen doki.

Na gode.
Yayanta

*

Zuwa ga Yayan Maman Gimbiya,

Wa alaikumus salam. Na gode da ɗawainiyar da kake yi.

Ba zan ba ka ba. Ko ya taɓa rubuto mana ko bai taɓa ba, wannan ma ba zan faɗa maka ba. Duk wanda ya buga ƙofarmu yana neman lauya, maganarsa a rufe take, ko mun karɓe shi ko mun mayar da shi, ko mutumin kirki ne ko ba shi ba. Ranar da na buɗe maka ta wani, ranar ce ta ƙanwarka ta zama abin buɗewa. Kuma na san irin gaisuwar da kake nufi. In ka taɓa shi, shi zai zama mai ƙara, kai ka kwana a ofishin 'yan sanda, ita ta rasa mai kai mata saƙo.

Imel ɗin da ya ba yarinyar da sawun saƙon kuwa, waɗannan na cikin fayil ɗin ƙanwarka, kuma da izininta na kai su gaban alƙali. Ya karya umarnin kotu, ya kuma yi amfani da yarinya wajen yaudara. An sa rana a mako mai zuwa.

Sai dai ka sani, shugabar makarantar ta kira ni ɗazu da yardar ƙanwarka. Mutumin ya je makarantar. Ya tsaya a tsallaken titi lokacin tashi, da leda a hannu. Maigadi ya gane shi ya ja ƙofa, aka riƙe Gimbiya a ofis har 'yan sanda suka iso, amma kafin nan ya bar wurin. Ta gan shi ta taga. An ce ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce uffan ba.

In kana son taimako, ka ajiye motar nan kwana biyu ka riƙa raka Gimbiya makaranta. Ka gaida su.

Barista

*

Barista,

Assalamu alaikum. Ki yafe min maganganun da na rubuta miki. Hatimin dai har yanzu yana min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Gimbiya ta yi magana yau. Ta ce ta tambayi babanta takardun a karo na ƙarshe, ya ce ba na yara ba ne. Ta ce, "Mama, kowa ya karanta sai ni."

Kin ce ba wanda zai buɗe fayil ɗin sai da izinina, kuma sai na zo da ƙafata. To ni da Gimbiya za mu zo ranar Litinin, Yaya zai kawo mu. Ki nuna mata bayanina da rahoton likita. Hotunan ki bar su a rufe.

Ki sa mana kujera biyu a gefe ɗaya. In ta ɗago ta tambaya, ni zan amsa.

Taki,
Maman Gimbiya