Kwamfutar da Ba Ta San Tantabara Ba

Anti Godelieve, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Asabar, domin na ɗebo ruwan dafa kaina, kuma ran wata tsohuwar tantabara na hannuna.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Ina shekara sha shida na bar aji na koma gyaran rufin gidaje, har yau kuma a sama nake wuni, ina toshe wa mutanen Dendermonde inda ruwa ke zubo musu. Ina da mata, Lieselot. Mahaifinta, Baba Staf, a kansa maganar take.

Baba Staf ya fi shekara arba'in yana tseren tantabaru. Tun ina neman 'yarsa nake kankare masa kashinsu duk Lahadi, shekara shida ke nan, bai taɓa tambayar ra'ayina a kan tsuntsu ko ɗaya ba. Da na buɗe baki sai ya ce, "Ɗan rufi, kai dai riƙe tsintsiyarka." Ban cika damuwa ba, ni mutum ne mai iya jira. Amma daga saman rufi ina ganin abin da na ƙasa ba sa gani. Na san wadda ke dawowa gida kai tsaye, na san wadda sai ta kewaya hasumiyar coci sau uku kafin ta sauka, na san mai tsoron iska.

Idon Baba Staf ya fara rauni, ba ya iya karanta littafin da yake rubuta asalin tsuntsayensa. Da aka soma tallar wata sabuwar kwamfutar hannu mai kama da allo a watan Agusta, sai na ce ga dama ta samu. Na taɓa ganin wata manhaja a kwamfutar wani abokin aikina, ta wani kamfani daban, tana ajiye sunan uwa da uba da kakannin kowace tantabara, har ta faɗa maka wane namiji ya dace da wace mace. Na shiga shagon shan shayin da ƙungiyarmu ta masu tantabara ke taruwa, na daki tebur na ce zamanin takarda ya ƙare. Ni da ban taɓa dukan tebur ba a rayuwata.

Ranar da aka fito da ita na tafi Gent, na shiga layi tun asuba, ni ne na tara. Da aka buɗe ƙofa ma'aikatan shagon suka jeru suna tafa mana, ni kuma har ɗaga musu hannu na yi, sai ka ce wani abu na ƙirƙiro. Na tambayi mai sayarwa, wani saurayi mai fararen farata, ko manhajar tantabaru na ciki. Ya ce nan da mako biyu za ta iso.

Gaskiya abar tana da kyau. Ba nauyi, gilashinta garau, ka taɓa ta amsa. Amma da na buɗe rumbun manhajojinta sai na tarar da ta duba yanayi, da ta wasan karta, da wata ta zanen yara, sai tarkacen da ban san amfaninsu ba. Jaridu ma haka suka yi ta rubutawa, wai gida ne mai kyau ba kujera ko ɗaya. A ƙungiya Fons, wani tsohon direban jirgin ƙasa, ya juya ta gaba da baya ya ce aƙalla Lieselot ta samu katakon yanka albasa. Mako biyun nan yau wata uku da rabi ke nan. Kullum na duba, rubutun ɗaya ne: tana nan tafe.

Kunya ce ta hana ni faɗa. Sai na buɗe manhajar zanen yaran, na ja layuka da yatsa, na rubuta lambobin zoben da ke ƙafar tsuntsaye a ciki, don in wani ya leƙo ya ga kamar ana aiki. Akwai wata agwagwa mai ruwan ƙwai da ke fitowa tana tafi duk lokacin da ka cika shafi. Na kashe mata murya.

Wata Lahadi a farkon Satumba muna ɗakin tantabaru, Baba Staf ya miƙo mini wata 'yar shila ya ce in tambayi na'urar ko a sa ta a tseren makon. Anti, na kalli gilashin, na ɗaure fuska, na ɗan dakata kamar tana lissafi. Sannan na faɗi abin da na daɗe da gani, cewa tana buɗe baki don gajiya in ta sauka, a hutar da ita mako guda. Ya hutar da ita. Mako na gaba ta zo ta uku a tseren da aka sako su daga garin Noyon.

Daga nan aka shiga uku. Mutumin da bai taɓa sauraro na ba yanzu sai ya cire hula ya zauna yana jiran abin da agwagwata za ta ce. 'Yan ƙungiya suka fara kawo mini lambobin nasu. Nakan ce na'urar na buƙatar kwana biyu, a kwana biyun sai in nemi rufin da ke kusa da gidan mutum in zauna ina kallon tsuntsayensa ina cin burodina. Fons mai maganar albasa ya sa 'yarsa ta nemo masa manhajar ba ta samu ba, na ce masa ai sai a irin tamu ta 'yan layin ranar farko take. Yanzu yana neman wanda zai sayar masa da irin tamu.

Ga inda abin ya daina ba ni dariya. Ranar Asabar za a haɗa tsuntsaye mace da namiji don ƙyanƙyasar hunturu. Baba Staf na da wasu biyu da suka shekara bakwai tare, Tsohon Shuɗi da macensa Mariette. Marigayiya surukata ce ta raine ta a hannu, tana ba ta abinci a baki, ita ce ta ƙarshe da ta rage daga hannunta. Shekara biyu ke nan 'ya'yansu na fitowa raunana. Ya ce in tambayi na'urar laifin wanne ne a cikinsu. Na ce na'ura ta ce macen ta gaji.

Ya juya ya kalli Mariette. Can ya ce, "Da mutum ne ya faɗa da na kore shi. Amma na'ura ba ta da son zuciya." Ƙa'idarsa kuwa kowa ya sani, tsuntsun da ya daina amfani ba ya cin hatsinsa, tukunya yake tafiya. Ya ce Asabar da safe za a yanka Mariette.

Ni kuwa zato kawai nake yi. Mai yiwuwa ma namijin ne ya tsufa. Lieselot ta gano komai shekaranjiya, da ta taɓa wani wuri agwagwar ta fito tana tafi. Ta yi dariya har da hawaye, da na gaya mata batun Mariette sai ta daina. Ta ce in ban faɗa wa mahaifinta ba ita za ta faɗa. In na faɗa, na koma abin dariya har in mutu, kuma Baba Staf ya daina jin maganata, wadda da ƙyar na samu ya fara ji. Ko in ce masa na'urar ta sake lissafi ta canja ra'ayi? Me zan yi?

Mai Agwagwa, Dendermonde

Ɗana Mai Agwagwa,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma kada ka ce na'ura ta canja ra'ayi. Za ka ceci Mariette ranar Asabar, ranar Lahadi kuma a kawo maka wata tambayar, ka ci gaba da zama bawan allon zane.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Duk wanda ya sayi na'ura ranar da ta fito, rabin abin da ya saya alkawari ne, masu rubuta manhajoji kuma sukan jira su ga yawan masu saye kafin su motsa. Taka na iya zuwa gobe, tana iya ƙin zuwa sam. Surukinka ma yana da nasa kason. Wanda ya bar mutum shekara shida a ɗakin tsuntsayensa bai taɓa ce masa me ka gani ba, shi ya buɗe ƙofar irin wannan.

Naka laifin ga shi. Da ka yi magana da bakinka, da ka ce ina zato, shi kuma ya auna zatonka da nasa. Da ka sa maganar a bakin na'ura sai zaton ya koma hukunci, dattijon ya ajiye sanin shekara arba'in ya bi. Shawarwarinka ba su cuce shi ba, amma ka raba shi da damar yin gardama.

Ka je gobe da rana, kada ka jira Asabar, kada kuma ka bar Lieselot ta yi maka aikin. Ku biyu kaɗai, a ɗakin tantabaru. Ka fara da Mariette, ka ce ba ka da tabbaci a kanta. Sannan ka kunna muryar agwagwar ka miƙa masa. In ya yi faɗa ka bar shi ya gama. Bayan ya huce ka gaya masa, sau ɗaya ba tare da alfahari ba, cewa shawarar Satumba taka ce, ka kuma faɗa masa yadda ka gane. Ka kawo masa mafita irin ta masu kiwo: a haɗa Mariette da matashin namiji, Tsohon Shuɗi da wata macen, 'ya'yan da za su fito su raba gardama.

Fons kuma ka kira shi yau, kafin wani ya sayar masa da tasa da tsada. Ranar taro ka ba da labarin da kanka, da agwagwar da komai, ka saya wa kowa abin sha. Za su yi maka suna, wannan babu makawa. Amma masu tantabara ba wawaye ba ne, in dariya ta lafa za su tuna wanda ya zauna a rufi ya ga abin da ke damun tsuntsayensu.

Kwamfutar ka riƙe ta, tana nuna inda iska ta dosa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a sana'arku. Littafin asali kuma ku sake rubuta shi tare da manyan baƙaƙe, kana karantawa yana gyara maka.

Abu ɗaya ba zan yi maka alkawarinsa ba. Tsuntsuwar tasa ce, yana iya jin gaskiya duka ya kuma zaɓi tukunya. In haka ta faru, ka tsaya kusa da shi ka yi shiru. Amma mutumin da sai da ya fake da na'ura kafin ya iya yanke wannan hukunci, ina ganin neman dalilin fasawa yake yi. Ka kai masa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Baba Staf. Ka gaishe mini da Lieselot.

Anti Godelieve