Kwamfutar da Ta Daina Buƙatar Auta

Zuwa ga Injiniya,

Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke rubuta mini wannan, don Auta ta ƙi riƙe biro. Ina gaishe ka. Yaya matarka da yara? Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Ran Talata ka kira ni kana ta murna kamar an yi maka haihuwa. Wai kun koya wa kwamfuta gane ma'anar magana ba tare da wani ya zauna yana nuna mata ba. Wai a zuba mata rubutu tuli, ita da kanta za ta lura wace magana ke yawo da wace, har ta gane "ruwa ya ɗauke" da "sama ta washe" 'yan gida ɗaya ne. Na ce Allah ya sa albarka, don ban gane komai ba.

Sai ran Laraba na gane, da saƙo ya zo wa Auta daga ofishinku cewa aikinta ya ƙare ƙarshen wata.

To wannan mai nuna wa kwamfuta ɗin da aka daina buƙata, wa ke nan? Ƙanwarka ce. Kai ka samo mata aikin bayan mijinta ya rasu. Ta mayar da teburin cin abincina ofis, a karanta magana biyu, a danna "daidai suke" ko "sun bambanta", tun safe har ƙafa ta kumbura. Da aikin nan take ciyar da marayu. Har tabarau ta fara sawa.

Na tambaye ta ko ka faɗa mata. Ta ce, "Inna, ƙyale Yaya, bai ma tuna ba." Wannan ya fi ƙona mini rai. Kwamfutarka ta iya haɗa magana da magana, kai ka kasa haɗa murnarka da ƙanwarka.

Ban ce ka fasa ba, ban san kan abin ba. Amma ga yadda za a yi. Auta tana bin ka bayani, da bakinka, ba a waya ba. Tana kuma bin ka wani aikin. Ofishinku na bin ta kwamfutarsu da take aiki da ita, sun ce za su aiko a ɗauka. Na kulle ta a akwatina. Kai za ka zo ka karɓa.

Ni ce,
Innarku